Adakar kakanmu tana zubar da gari: kafinta za a kira ko ma'aikacin gidan tarihi?

Murja: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Akwai wata adaka ta katako a gidanmu nan cikin birnin Katsina, ta kakan mahaifinmu ce, ciki yake ajiye littattafanshi. Tana da maɗaurai na tagulla a kusurwoyi, murfin kuma an yi mashi zane da wuta. Tun bayan damina muke ganin wani gari mai laushi yana taruwa ƙarƙashinta, ga ƙananan huji a jikinta kamar an soka allura. Yanzu da sanyin nan ya shigo murfin ma ya tsage. Yayyena sun ce a kira kafinta ya goge ta ya sa mata fenti. Ni dai raina bai kwanta ba.

Abu Kafinta: Wa'alaikumussalam. Hajiya wannan ba wani aiki ba ne. A fesa mata magani, a kwaɓa garin katako da gam a cike hujin, a bi da samfefa, a sa folish. Inda ya ci sosai a cire a sa sabon madaci. In an gama wallahi ba za ki gane ta ba.

Lawal Mai Hatsi: Gara ce. Ku shafe ta da baƙin mai. Ko ku jefa ƙwayar bom biyu ciki ku ɗaure da leda, yadda muke yi ma wake.

Malam Sada: Salamu alaikum. Murja, kafin komai: kada a kawo ƙwayar nan ta bom cikin gidan da mutane ke kwana. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum, tana bi ta ƙasan ƙofa ta shiga ɗakin da ke kusa. Ban da haka ma tana cin tagulla, maɗauran nan da kika ambata za su yi baƙi. Baƙin mai kuma in ya shiga icce ya shiga ke nan, babu mai iya fitar da shi, kuma zai bi ya ɓata duk takardar da aka sake sa wa ciki.

Aikina ke nan shekara da shekaru a gidan tarihi, kula da kayan icce, har na yi ritaya. Abin da kika kwatanta ba gara ba ce. Gara daga ƙasa take tasowa, tana gina hanyarta da laka a jikin bango ko ƙafar kaya, ta cinye ciki ta bar maki ɓawo. Gari mai laushi da huji zagayayye aikin wani ɗan ƙwaro ne. Uwar tana yin ƙwai a ƙofofin iccen, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta zauna ciki tana ci wata da watanni, wani lokaci fiye da shekara. Hujin da kike gani ƙofar fita ce, wanda ya girma ya huda ya tashi. Don haka toshe hujin bai kashe komai, masu ɓarnar suna can ciki.

Ga abin da za ki fara yi yau. Ki kwashe littattafan, ki duba su ɗaya bayan ɗaya, ki sa su wani wuri dabam. Ki ɗaga adakar daga ƙasa, a ɗora ta kan bulo, a janye ta daga jikin bango. Ki share ƙarƙashin tas, ki shimfiɗa baƙin ƙyalle, kada kowa ya motsa ta sati biyu. In kin ga sabon gari mai haske ya zubo, suna da rai. In babu, wataƙila tsohuwar ɓarna ce ke kakkaɓowa idan an ja ta. Ki ɗauki hotonta ta kowane gefe, har ƙasanta da cikinta, kafin wani ya taɓa.

Murja: Na gode ƙwarai Malam. To in suna da rai fa?

Malam Sada: Hanya uku muke bi, duk babu guba. Ta farko sanyi: a naɗe abu cikin leda mai kauri a like bakin, a sa firiza mai kai digiri 20 ƙasa da sifili, ya yi sati ɗaya aƙalla, in iccen mai kauri ne a ba shi biyu. In an fitar ba a buɗe ledar sai ya kwana ya dawo daidai da zafin ɗaki, don raɓar ta kwanta a kan leda, ba a kan icce ba. Sharaɗin shi ne wuta ta tsaya, kuma kun san yadda muke da ita. Ta biyu zafi: digiri 55 in ya ratsa har tsakiyar icce na wasu sa'o'i yana kashe ƙwai da tsutsa da babba. Baƙar leda a ranar watan Afrilu ta Katsina tana kaiwa nan, amma wannan sai abu irin turmi ko muciya, wanda ba shi da gam, ba fenti, ba fata. Ta uku ita na fi so ga adakarki: a rufe ta cikin wata leda ta musamman da iska ba ta ratsawa, a zuba ƙananan ƙunshin sinadarin da ke shanye iskar oksijin, ko a cika da naitirojin, a bar ta sati uku zuwa huɗu. Ƙwarin su shaƙe su mutu, iccen bai san an yi ba.

Abu Kafinta: Allah ya gafarta Malam, duk na ji wannan kuma na ƙaru. Amma bayan an kashe ƙwarin sai a bar ta haka nan da tsaga da huji da datti? Mutum ya shigo ya ga kayan kakanku a wulaƙance? Mu abin da muka koya wurin iyayen gidanmu, in abu ya lalace a gyara shi ya yi kyau.

Malam Sada: Malam Abu, ba raina sana'arka nake ba, duk wanda ke aikinmu bai iya riƙon zarto da kurfi ba rabin ma'aikaci ne. Amma ka ce in ka gama Murja ba za ta gane ta ba, ni kau abin da nake tsoro ke nan. Fuskar iccen nan ita ke ɗauke da labarin. In aka haska fitila daga gefe, za a ga ko da gizago aka sassaƙe allunan ko injin yanka katako ne ya fitar da su, wannan kaɗai yana gaya maka kafin zuwan injin aka yi ta ko bayan. Ƙusoshin, in maƙeri ya buga su, kowace da irin kanta. Gefen murfin da ya yi sulɓi, nan hannun mai ita ke kamawa kullum. Tabon tawada a ciki nashi ne. Samfefa minti goma za ta yi ta share duk wannan, zanen wutar ma ba zurfi gare shi ba, zai tafi. Abin da zai rage akwati ne mai ƙyalli irin wanda kai kanka za ka iya haɗawa gobe.

Ƙa'idar da muke aiki da ita, duk abin da ka sa wa kaya ya zama wanda zai zo bayanka zai iya cire shi ba tare da ya yi ɓarna ba. Shi ya sa muke son gam ɗin da ake dafawa daga fata da ƙashi, don ruwan ɗumi na sake shi ko bayan shekara ɗari. Inda ƙwaro ya rarake icce ya zama yana marmashewa, akwai wani danƙo da ake kira Paraloid B-72, a narka shi ruwa-ruwa cikin asiton, wani ruwan sinadari mai saurin bushewa, a riƙa ɗura shi da sirinji, ya bushe ya riƙe iccen daga ciki, kuma asiton ɗin dai na iya narkar da shi in an so. Gam mai haɗi biyu da ake sayarwa a shago ba ya saki. A 2014 gemun fuskar zinariya ta Fir'auna Tutankhamun ya ɓalle a gidan tarihi na Alƙahira, aka yi gaggawa aka manne shi da irin wannan gam. Sai da ƙwararru daga Jamus da Masar suka yi makonni a 2015 suna kankare shi a hankali da ƙananan tsinkayen icce, sannan suka maida gemun da kakin zuma.

Baba Nalado: Sada, na karanta duk abin da ka rubuta, kuma ban yarda da kai duka ba. Wannan ra'ayin na a bar abu da tsufanshi a sa shi cikin gilashi, daga Turai ya zo. Mu nan ba haka muka gada ba. Hasumiyar Gobarau da ake alfahari da ita, da ba a yi mata yaɓe ana sakewa, da ruwan sama ya daɗe da narkar da ita. Soron gidanmu, in azara ta gaji ubana cire ta yake ya sa wata. Tambari in fatar ta fashe sabuwa ake ɗaura mashi. Ta haka abubuwanmu suka kawo yau, ta hannun masu amfani da su. Shi kanshi mai adakar nan da yana raye ya ga murfin ya tsage, masassaƙi zai kira, ba zai tsaya ɗaukar hoto ba.

Hajiya Indo: Gaskiya Yaya Nalado ya faɗi magana.

Malam Sada: Baba, ranku ya daɗe, rabin maganarku ni ma a kanta nake. Yaɓen Gobarau da ƙasa irin tata, da hannun maginan da suka gaji aikin, shi ne daidai, kuma duk mai aikinmu na kirki zai ce haka. Amma ku duba, ƙasa ake maidawa kan ƙasa. Da za a lulluɓe ta da siminti, danshi ya maƙale ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye. Masassaƙin zamanin kakan Murja da zai zo da icce irin nata da gizago irin wanda ya yi ta. Yau abin da za a kawo folish ne da tina da filawud, ba su san juna da wannan iccen ba.

Sannan akwai abin da ya canja. A zamaninshi in adaka ta mutu akwai goma a unguwa, akwai mai sassaƙa wata. Yanzu ku ƙirga gidajen da suka rage da irinta a cikin birni. In abu ya kusa zama shi kaɗai, ya tashi daga akwati kawai ya zama shaida. Ba kuma Turawa kaɗai suka damu da wannan ba. Mumbarin masallacin Kutubiyya na Marrakesh a ƙasar Maroko, a Kurɗuba ta Andalus aka fara sassaƙa shi wajen 1137, aka yi ɗaruruwan shekaru ana huɗuba a kai. Da aka zo kula da shi a 1996 zuwa 1997, mutanen Maroko da ƙwararrun gidan tarihi na Metropolitan da ke Amurka suka tsabtace shi, suka ƙarfafa shi, suka manne guntayen da suka saki, amma inda adon ya zube suka bar shi a zube. Yana nan a fadar Badi ta Marrakesh ana zuwa kallo.

Baba Nalado: To ai ka faɗa da bakinka, an daina huɗuba a kai. Ni nan ne damuwata. Na fi son jikokin gidan su riƙa buɗe adakar suna ɗauko littafi, ko da za ta ƙare a hannunsu, da a kai ta inda sai an sayi tikiti.

Malam Sada: Ban ce a fitar da ita daga gidan ba Baba. Ta zauna ɗakinta, a riƙa buɗewa a hankali. Samfefa da baƙin mai kawai nake roƙo a yafe mata.

Baba Nalado: Wannan na yarda. Sauran maganar kuma muna nan.

Hajiya Indo: Malam Sada ni tambayata kan tsagar ce. Ina da akushi babba na kakata, shekaru yana ɗakin ƙasa lafiya lau. Da muka tashi muka koma sabon gida na jera shi a falo don ado, ko wata uku bai yi ba na ji ƙara da dare, da safe na tarar ya dare tun daga baki har gindi. Na shafa mashi man gyaɗa bai haɗe ba.

Malam Sada: Hajiya akwai na'urar sanyaya ɗaki a falon?

Hajiya Indo: Akwai, in an kawo wuta.

Malam Sada: To ita ce, tare da taga in rana na bugun shi. Icce ko ya shekara ɗari biyu da sarewa bai daina shan danshin iska yana fitarwa ba. Ya sha ya kumbura, ya fitar ya tsuke. Kuma ba daidai yake motsi ta kowane gefe ba: a tsawonshi kusan bai motsi, a faɗinshi ne yake yi. Nan Katsina a watan Agusta danshin iska na haura kashi 70 cikin 100, a tsakiyar hunturu ya faɗo ƙasa da 20. Allo mai faɗin rabin mita yana iya tsukewa da rabin santimita ko fiye tsakanin waɗannan lokuta biyu. In an ɗaure shi da ƙarfe ko ƙusa ya rasa inda zai matsa, sai ya tsage, abin da ya sami murfin adakar Murja ke nan. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango yana sa canjin ya zo sannu a hankali, iccen ya bi shi. Na'urar da ke kamawa ta ɗauke sau biyar a yini tana busar da bayan akushin alhali cikinshi bai bushe ba, sai ya ja kanshi ya dare.

Littattafan aikinmu da yawa suna cewa a riƙe danshi tsakanin 40 da 60. An rubuta su ne don ƙasashen da ke da wuta dare da rana. Kayan da ya saba da iskar Katsina tun da aka sassaƙa shi, abin da yake so kada a firgita shi. Ki maida akushin ɗaki na ciki, cikin kabad, ki lulluɓe shi da farin ƙyalle na auduga. Man gyaɗa ki daina, yana yin ɗoyi ya yi danƙo ya kama ƙura. Tsagar kuma kada a cika ta da wani abu mai tauri. Damina na zuwa iccen zai kumbura ya nemi rufe bakin, in ya tarar da abu mai tauri a tsakani sai tsagar ta ƙara gaba. In dole sai an cike, da icce mai taushi ƙwarai muke yi, wanda zai matse ya ba da wuri.

Mamman (yayan Murja): Tunda maganar gidanmu ake bari in sa baki. Wani dillali ya taɓa zuwa ya taya ta da kuɗi masu kauri, ya ce Legas zai kai. Ba gara a sayar ba tun ƙwari ba su gama da ita ba?

Malam Sada: Alhaji Mamman, ka yi hattara. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta sa kayan hannu da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Saye da sayar da su sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, fitar da su waje kuma sai da takardar izininta. Ku je gidan tarihi na ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ku nemi a zo a duba ta a rubuta. Rubutawa ba ƙwacewa ba ce.

Rabe Daura: Malam, Baba Nalado ya taɓo tambari. Mu nan Daura tambura ba kayan kallo ba ne, ana kaɗa su. In ƙwaro ya shiga jikin irin wannan, firiza za a sa?

Malam Sada: A'a Malam Rabe. Duk abin da ke da fata a ɗaure tamau ba ma sa shi sanyi, fata da icce ba tare suke tsukewa ba. Hanyar shanye iska ita ta dace. Kuma irin wannan kaya ma'aikacin gidan tarihi ba shi ke da magana ta ƙarshe ba. Masu gadon kaɗa shi su suka san lokacin da ake sake fata, da wanda ya halatta ya taɓa, da inda ake ajiye shi. Namu mu kula da iccen, mu roƙi a adana tsohuwar fatar da aka cire maimakon a yar, mu rubuta ranar da aka sake da wanda ya yi.

Kabir: Baba Sada, ni ɗalibin kimiyyar sinadarai ne, shekarar ƙarshe. Ban taɓa sanin akwai irin wannan aiki ba. Ta ina ake shiga, kuma ana ci da shi?

Malam Sada: Kabir, ka riga ka riƙe kashi ɗaya cikin uku. Sauran biyun hannu da tarihi. Akwai sashen nazarin kayan tarihi na tono a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, hukumar gidajen tarihi kuma tana da cibiyar horar da ma'aikata a Jos, inda gidan tarihin da aka buɗe a 1952 yake. A waje akwai ICCROM, cibiyar ƙasa da ƙasa ta kula da kayan tarihi, a birnin Rum, da wani kwas na kula da icce da ake yi a Norway tun 1984.

In gaya maka gaskiyar aikin. Yawancin ranaku ba ka riƙe da gam ko sirinji. Kana zagaya ɗakin ajiya da tocila, kana leƙa ƙarƙashin kaya, kana duba tarkon ƙwari, kana rubuta zafi da danshi safe da yamma, kana share ƙura da burushi mai laushi, kana hawa sama kafin damina ka ga ko indararo ya toshe. Abu ɗaya kana iya yin wata kana tsabtace shi da auduga a bakin tsinke. Albashi na ma'aikacin gwamnati ne, ba a yin arziki da shi. Amma masu yin shi a Arewa kaɗan ne ƙwarai, kayan kuma suna da yawa. Ka tuna kwalekwalen Dufuna a jihar Yobe. Wani Bafulatani ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, aka tono shi a 1994, tsawonshi ya haura mita 8, shekarunshi wajen 8,000, babu wanda ya girme shi cikin jiragen ruwan da aka gano a Afirka. Iccen da ya daɗe haka cikin laima, ruwan ne ke riƙe da surarshi, in aka bar shi ya bushe a rana zai motse ya farfashe. Sai an jiƙa shi cikin wani sinadari mai kama da kaki ya maye gurbin ruwan sannu a hankali. Jirgin Vasa na Suwidin da ya nutse a 1628 aka ɗago shi a 1961, shekara 17 aka yi ana fesa mashi irin wannan. Aikin ɗan sinadarai ne tsantsa.

Abin da ba za ka samu a aji ba shi ne sanin iccenmu. Ka iya bambance kirya da ake turmi da ita, da aduwa ta allon karatu, da madaci, da marke, da giginyar azara da gara ba ta cika so ba, ta nauyi da ƙanshi da yadda suke amsa gizago. Wannan wurin tsofaffin masassaƙa yake, kuma ba su da yawa yanzu.

Abu Kafinta: Wannan gaskiya ne Malam. Ni kaina kirya mai kaurin da za a fitar da babban turmi na daɗe ban gani ba, masu gawayi sun gama da na kusa. Kabir, akwai wani dattijo a ƙauyenmu da har yanzu yake sassaƙa akushi da gatari da gizago, shi ya fara riƙa mani hannu. In kana so ranar Asabar in zan tafi gida sai mu je tare. Ka zo da littafin rubutu, kuma kada ka je hannu sake, ka riƙo mashi goro.

Kabir: In sha Allahu zan zo Yaya Abu. Zan yi maka magana ta gefe mu tsaida lokaci.